Rassan zaitun da aka datse: a ƙone su, ko a shimfiɗa su don tare zaizayar ƙasa?

Bagobirin Jaén ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masana harkar noma. Ina aiki a wata gonar zaitun da ke lardin Jaén a kudancin Sifaniya, kuma gonar a kan gangare take. Itatuwan tsofaffi ne, nau'in Picual, ba a yi musu ban ruwa, kuma abin da mai gonar ya gada shi ne a riƙa bin tsakanin layuka da haro a kai a kai, a kuma fesa maganin ciyawa a gindin itatuwa, ta yadda ƙasa ke zama ba ko tsinke a kanta tsawon shekara. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Oktoba ko Nuwamba, ruwan yakan gangara da laka ya bar ƙananan hanyoyi a tsakanin itatuwa, har saiwoyin wasu daga cikinsu sun fito fili.

Bayan an gama tsinkar zaitun akan rage wa itatuwa rassa, a tsakanin Fabrairu da Afrilu. Manyan rassan da aka sare akan kai su gida don jin ɗumi, ƙananan rassa da ganye kuma a tara a ƙone. Yanzu maƙwabtanmu da dama sun daina ƙonawa. Suna jera rassan a tsakiyar layi, tarakta ta bi ta kansu da injin daddatsawa, a bar su a wurin. Mai gonarmu yana ganin don kuɗin tallafi kawai suke yi, kuma yana tsoron ƙwari da cututtuka, amma ya ce in bincika masa.

Don haka nake roƙon masu sani su fayyace mini: shin da gaske wannan shimfiɗa tana hana ƙasa tafiya a kan gangare, ko kuwa ruwa ne zai kwashe ta tare da ƙasar? Mene ne gaskiyar batun ƙwari da cututtuka? Sannan na ji ana cewa guntayen itace suna shanye takin da aka zuba wa itatuwa, ina so in san matsayin wannan magana. Allah ya saka da alheri.

Malamin Gona ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amsar tambayarka ta farko ita ce eh, shimfiɗar tana aiki, amma wajibi ne a fahimci irin zaizayar da take tarewa, domin ba kowace iri ba ce.

Zaizayar ruwa a gona tana farawa ne daga ɗigon ruwan sama, tun kafin ruwan ya fara gudu. Ɗigon da ya faɗo kan ƙasar da ba ta da rufi yana farfasa dunƙulenta, ƙananan ƙwayoyin laka su tarwatse su toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya shige ƙasa, sai saman ya yi ɓawo. Da zarar ɓawon ya samu, ruwan da ya kamata ya nutse sai ya kwanta ya fara gangarawa, yana ɗauke da lakar da ɗigon ya riga ya kwance. Guntayen rassa da ganye suna karɓar dukan ɗigon a madadin ƙasa, suna kuma rage wa ruwan gudu saboda dole ya yi ta kewaye su, wanda hakan ke ba shi lokacin nutsewa da sauke abin da ya ɗauko. Ƙa'idar da masana kiyaye ƙasa suka daɗe suna aiki da ita ita ce, idan aka rufe kashi 30 cikin ɗari na fuskar ƙasa, zaizaya takan ragu da kusan rabi, kuma raguwar tana ci gaba gwargwadon ƙaruwar rufin.

Yana da kyau mai gonarku ya san girman asarar da ake magana a kanta. A yankin Montefrío na lardin Granada, maƙwabcin Jaén, masu bincike sun auna tudun da tsofaffin itatuwan zaitun ke tsaye a kai, domin ƙasar da ke gindin itace tana nan inda take tun ranar dashe, alhali wadda ke tsakanin layuka ta yi ƙasa. Da wannan awo suka lissafa cewa a cikin shekaru kusan 250, gonakin sun yi asarar tsakanin tan 29 zuwa 47 na ƙasa a kowace hekta duk shekara. Sabuwar ƙasar da ke samuwa daga dutse a Turai kuwa ba ta wuce kimanin tan ɗaya a hekta a shekara ba. Abin da ke sa manomi bai cika lura ba shi ne, kaurin milimita ɗaya na ƙasa a faɗin hekta ya kai wajen tan 13, saboda haka asarar tan 40 kimanin milimita uku ce kawai, abin da ido ba ya gani a shekara ɗaya, amma a shekara ɗari ya zama santimita 30 na ƙasar sama, wadda ita ce mai albarkar. Saiwoyin da ka ce sun fito fili shaidar wannan lissafi ne. Kuma lakar ba ita kaɗai take tafiya ba, tana ɗauke da taki da maganin ciyawa. A shekarar 2005 sai da aka dakatar da shan ruwan madatsar Iznájar a garuruwan kudancin lardin Kurɗuba saboda maganin ciyawar da aka samu a cikinsa, kuma gonakin zaitun ne suka kewaye madatsar.

Abin da ya sa rassan suka dace da wannan yanki musamman shi ne lokaci. A ƙasashen Bahar Rum ruwa yana sauka ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, watannin zafi kuma a bushe suke ƙayau. Ruwan farko na Satumba da Oktoba yakan zo da ƙarfi, ya tarar da ƙasa ta sha rana, ciyawa ba ta tsiro ba tukuna. Rassan da aka daddatsa a watan Maris suna nan kwance a daidai wannan lokaci, ga shi kuma ba sa shan ruwa, saɓanin ciyawa mai rai wadda ke takara da itace a kan danshi idan zafi ya fara. Hasali ma suna rage ƙafewar ruwa daga ƙasar da suka rufe. Cibiyar binciken noma ta IFAPA da ke Kurɗuba ta gwada wannan hanya a gonakin zaitun, kuma abin da aka gani shi ne raguwar asarar ƙasa da ƙaruwar taki na ruɓaɓɓen tsiro a 'yan santimitocin sama.

Sai dai akwai iyaka ta fuskar yawa. Gonar gargajiya mai itatuwa 80 zuwa 100 a hekta ba ta fitar da rassan da za su rufe gona gaba ɗaya, musamman da yake galibi duk shekara biyu ake yin ragin. Wannan ne dalilin tara su a ɗamara ɗaya a tsakiyar layi maimakon a watsa su ko'ina su zama ba su rufe komai ba. Ganye yakan ruɓe cikin watanni, guntayen itace kuma su daɗe, shi ya sa a shekara ta biyu rufin yake yin sirara. Niƙa mai laushi tana rufe ƙasa sosai da farko amma tana saurin ƙarewa, kuma ruwa ya fi ɗaukarta. Daddatsa mai ɗan kauri ta fi jurewa.

Game da taki, maganar tana da tushe amma an kambama ta. Ƙananan halittun da ke ruɓar da itace suna buƙatar sinadarin naitirojin, kuma sukan are shi daga ƙasar da ke manne da guntayen. Idan guntayen suna kwance a sama, aron bai wuce fatar ƙasa ba, saiwoyin zaitun kuwa suna can ƙasa da haka. Matsalar takan taso ne idan aka bi da haro aka binne su, kuma wanda ya binne su ya yi asara biyu, domin ya kuma cire rufin da aka yi aikin dominsa.

Hajiya Mai Lambu ta rubuta:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan ƙasa, ni kuma zan tsaya a kan tsoron mai gonar, domin tsoro ne na wanda ya san zaitun, bai kamata a yi watsi da shi ba.

Akwai ƙaramin ƙwaro mai huda itace da manoman can ke kira barrenillo. Macen tana neman itacen da aka sare bai daɗe ba, ta shiga ƙarƙashin ɓawonsa ta yi ƙwai a watannin Maris da Afrilu. Sababbin ƙwarin suna fitowa daga watan Mayu zuwa gaba, su tashi zuwa itatuwa masu rai su huda mahaɗar ƙananan rassa da ta 'ya'ya, sai reshen ya bushe ko ya karye, amfanin bana da na baɗi ya ragu. Saboda wannan ƙwaro ne dokar yankin Andalusiya, inda Jaén yake, ta wajabta a killace itacen zaitun da aka sare a wurin da ke rufe ruf daga farkon Mayu zuwa ƙarshen Oktoba. To amma tsutsarsa tana buƙatar itace mai kauri da ɓawo mai ɗanye kafin ta girma. Reshen da inji ya farfasa yana bushewa da sauri, ba ya rayar da ita. Haɗarin yana cikin sandunan da suka kuɓuce wa inji, da kuma tarin itacen da aka jibge a bakin gona aka manta. Saboda haka a kwashe duk abin da ya fi ƙarfin injin, a kuma yi daddatsawar da wuri, kada a bar rassa jere suna jiran tarakta har zafi ya shigo.

Abin da ya fi ƙwaron muni shi ne cutar bushewar zaitun da ƙwayar Verticillium ke haddasawa, kuma Picual na cikin nau'o'in da ba su da juriya gare ta ko kaɗan. Ƙwayar tana zaune a cikin ƙasa, tana shiga ta saiwa ta toshe hanyoyin ruwa na itacen, kuma tana iya rayuwa a ƙasa fiye da shekara goma ba tare da itace ba. Ganyen da ya fito daga itace mai cutar yana ɗauke da ita. Wanda ya daddatsa irin waɗannan rassa ya shimfiɗa a layi, ya shuka cutar da hannunsa a inda ba ta. Ta fi yawa a gonakin ban ruwa da wuraren da aka taɓa noma auduga a kwarin kogin Guadalquivir, don haka gonarku ta tudu tana da sauƙi, amma sauƙi ba kariya ba ce. Alamarta ita ce reshe ɗaya ko gefe ɗaya na itace ya bushe farat ɗaya a ƙarshen hunturu ko lokacin fure, ganyen ya naɗe ya ƙi faɗuwa, ko furen ya bushe a kan reshe.

Shawarata ita ce a zagaya gonar kafin a fara ragi, a sa wa duk itacen da ake zargi alama da fenti. A bar su sai ƙarshe, a wanke zarto da almakashi da ruwan bilic tsakanin itace da itace, a fitar da rassansu daga gonar a ƙone bisa izinin hukuma. Haka ma rassan da ke da ƙulle-ƙullen wata cuta mai kumbura ɓawo, wadda ke shiga ta rauni a lokacin damshi. Ita ce ta sa ba a son ragi ranar da ake ruwa.

Ɗan Damagaram ya rubuta:

Ina gaishe da Malam da Hajiya. Na yi karatun noma a Tunisiya, kuma ina so in ƙara wani ɓangare don kada mai karatu ya ɗauka cewa duk inda zaitun yake haka ake yi. A yankin Sfax, inda ruwan shekara bai wuce milimita 200 da 'yan kai ba, ana dasa nau'in Chemlali da tazarar mita 24 tsakanin itace da itace, wato kimanin itatuwa 17 a hekta. Rassan itatuwa 17 ba za su rufe komai ba a faɗin hekta, sannan ba shara ba ne a wurin manomi: ganyen abincin tumaki da awaki ne, itacen kuma na girki da gawayi. A kudu, wajen duwatsun Matmata, abin da ke riƙe ƙasa da ruwa shi ne shingayen ƙasa da dutse da ake ginawa a cikin kwari, a dasa zaitun a kan lakar da ta taru a bayansu. Ko a Andalusiya ma akwai tashoshin lantarki da ke sayen rassan don ƙonawa, don haka tambayar ko a bar su a gona tambaya ce ta kuɗi kafin ta zama ta ilimi.

Mu da muka fito daga Nijar mun san wannan ja-in-ja a kan karan gero, wanda ƙasa ke buƙata, dabba ke buƙata, mai danni da mai girki ma ke buƙata. Mun kuma san yadda ake farfaɗo da fako ta hanyar shimfiɗa masa kara da rassan sabara ko kalgo, su tare ƙurar da iska ke kawowa, gara ta zo ci ta huda ɓawon, ruwa ya sami hanyar shiga. Bambancin da ya kamata ɗan'uwanmu ya riƙe shi ne, a wajenmu gara ce ke yin rabin aikin kuma tana cinye shimfiɗar da sauri, alhali a Jaén ruɓewar a hankali take, amfanin yana cikin daɗewar rufin. Kada ya sa ran ganin ƙasa ta yi laushi a shekarar farko, musamman inda tayar tarakta ta riga ta danne ta.

Bagobirin Jaén ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malam ya ce ba kowace zaizaya shimfiɗar ke tarewa ba, kuma a nan ne sauran damuwata take. Layukan gonarmu sun bi gangaren ne daga sama zuwa ƙasa, kuma a ƙasan gonar akwai kwazazzabo da ke ƙara ci kowace shekara. Idan muka jera rassan a layukan da ke gangarawa, anya ba mu yi wa ruwa hanya ba? Kuma yaya za mu yi da lokacin tsinka, tun da guntayen itace za su iya cakuɗa da zaitun da ya zuba?

Malamin Gona ya rubuta:

Tambayar ta dace, ɗan'uwa, kuma a nan ne mutane da dama ke ɗora wa shimfiɗar abin da ya fi ƙarfinta. Tana maganin dukan ɗigo da ruwan da ke malala a shimfiɗe, amma idan ruwa ya haɗu wuri ɗaya ya zama rafi, guntayen itace kan taso su bi shi, wani lokaci ma su taru su toshe magudanar hanya. Kwazazzabo ba a tare shi da guntaye.

Inda gangaren ya bari tarakta ta gitta ba tare da haɗarin kifewa ba, a jera rassan a layukan da suka gitta gangaren, domin kowace ɗamara ta zama shingen da ruwa zai ratsa. A gonar gargajiya da aka dasa murabba'i akwai layi ta kowace fuska, saboda haka galibi zaɓin yana nan. Inda gangaren ya yi tsanani, ran direba ya fi ƙasar gona muhimmanci, sai a bi layin da ke gangarawa, amma a tabbata ɗamarar ta yi faɗin da zai rufe sawun tayoyi, domin a cikin sawun ne ruwa ke fara taruwa. A kuma guji shiga da tarakta alhali ƙasa na jiƙe.

Abu na biyu, a bar ciyawa ta tsiro a cikin ɗamarar daga kaka zuwa ƙarshen hunturu. Saiwarta tana ɗaure ƙasa, kararta tana riƙe guntayen kada su tafi, aikin da mataccen itace ba ya iyawa. A yanke ta a wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, kafin ta fara ƙwace wa zaitun danshi, a bar siririn layi ya yi iri don baɗi. A ganina haɗa biyun nan ya fi kowanne shi kaɗai nesa ba kusa ba, kuma sharaɗinsa ɗaya ne, wato haro ya daina bin wannan layi.

Shi kuwa kwazazzabon aikinsa daban ne. A daina cike shi da ƙasa da tarakta kowace shekara, domin ƙasar da aka tura ita ce ruwan gaba zai fara kwashewa. A jera masa ƙananan shingayen dutse masu gajarta kusa da juna, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa don ruwa ya haura ta tsakiya kada ya ci gaɓa, a ƙarfafa kansa da dutse, a bar ciyawa da ƙananan itatuwa su kama gefensa. Idan za a yi shingen da sanduna, a yi da busassun bara, saboda ƙwaron da Hajiya ta ambata.

Batun tsinka mai sauƙi ne: ɗamarar a tsakiyar layi take, gindin itace kuma a bar shi ba guntaye, zaitun ya sauka a kan raga. Wanda aka tsince daga ƙasa dama mansa bai kai na wanda aka karkaɗo daga itace daraja ba. A lokacin zafi kuma a kula da gobara, a bar fili marar shimfiɗa a iyakar gona da bakin hanya.

Game da tallafin da mai gonar ke zargi, gaskiya ne akwai shi. A tsarin tallafin noma na Tarayyar Turai da ya fara a 2023, Sifaniya tana biyan manomin da ya daddatsa rassa ya rufe aƙalla kashi 40 cikin ɗari na filin da ke tsakanin inuwar itatuwa, kuma kuɗin yana ƙaruwa idan gangaren ya haura kashi 5, ya ƙara ƙaruwa idan ya haura kashi 10. Dokar shara ta 2022 kuma ta taƙaita ƙona ragowar amfanin gona, ko da yake daga baya an sassauta wa ƙananan gonaki. Sharuɗɗan suna canjawa daga shekara zuwa shekara, don haka ya tuntuɓi ofishin gona na yankinsa ko ƙungiyar da yake kai wa zaitun kafin ya cike takarda.

Tun da dattijon yana shakka, kada ka nemi ya sauya gonar gaba ɗaya. Ku zaɓi layuka huɗu masu gangare iri ɗaya, ku shimfiɗa rassa a biyu, ku bar biyu yadda aka saba. A ƙasan kowane layi ku kafa ƙarfe ku yi masa alama daidai da fuskar ƙasa, ku kuma tona ɗan rami da zai tara lakar da ta gangaro, sannan ku duba su tare bayan kowane ruwa mai ƙarfi daga Oktoba zuwa Maris.